Kayan Aro: Sharhi a kan Sani Kaita



Ran nan da yamma, bayan an sauko daga sallar La'asar, ina tafe a ƙasa ta wani lungu na Hotoro mai ɓullewa titin Maiduguri, sai na tarar da yara sun kafa duwatsu biyu nan, biyu can, a wani kangon fili da mai shi bai kai ga ginawa ba, suna ta buga tamaula ƙura na tashi; da yake kuwa ni mutum ne da ba ya iya wuce taron ƙwallo bai ɗan dakata ba, ko da na masu wasa ba takalmi ne, sai na raɓa jikin wata katanga na tsaya. Ban jima ba ƙwallo ta fita, yara biyu suka bi ta, kowa na cewa jifarsa ce, ɗaya ya ture ɗaya, wanda aka ture ya ɗaga ƙafa kamar zai kai shuri, sai wani daga gefe ya ɗaga murya ya ce, "Kai, Sani Kaita! A ba shi jan kati!" Wuri ya kaure da dariya. Na dubi mai maganar, na dubi wanda aka yi wa, na ƙiyasta shekarunsu, na tabbata ranar da abin da suke ambato ya auku, a cikinsu babu wanda aka yaye, wataƙila ma babu wanda aka raɗa wa suna. Ba su taɓa ganin wasan mutumin ba ko sau ɗaya, amma sun gaji sunansa daga yayyensu a matsayin sunan wani laifi, kamar yadda akan gaji karin magana ba a san wanda ya fara faɗinta ba.

Malamanmu na da, idan suka tashi rubuta tarjamar wani mutum, watau tarihin rayuwarsa a taƙaice, suna da ladabin da suke bi: su faɗi inda aka haife shi, da waɗanda ya yi karatu a gabansu, da garuruwan da ya yi rihla zuwa gare su, sa'an nan su zo ga abin da aka yabe shi da shi da abin da aka soke shi da shi, masana jarhu da ta'adili kuwa ba su cika karɓar suka a kan wanda aka san shi da kirki ba sai mai sukar ya bayyana dalilinsa filla-filla. Ba ina nufin in daidaita ɗan ƙwallo da maruwaicin hadisi ba ne, Allah ya tsare ni da wannan wauta. Ladabin kaɗai nake son in ara na 'yan mintocin da aka ba ni, domin mutumin da ake magana ɗan garin nan ne, kuma ina ganin mun karanta shafi guda na littafinsa mun rufe.

An haifi Sani Haruna Kaita a Kano ranar 2 ga Mayu, 1986. Yana ɗan shekara huɗu aka haɗe ƙungiyoyi uku na garin nan, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka tayar da Kano Pillars a 1990, saboda haka ana iya cewa tare suka girma da ƙungiyar da ya sa rigarta tun bai cika ashirin ba, a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Gurbinsa a fili shi ne wanda 'yan kallonmu ke kira lamba huɗu, ɗan tsakiyar da ke tsayawa gaban 'yan baya. Kuma wanda bai fahimci wannan aiki ba, ba zai fahimci Kaita ba, ba zai kuma gane dalilin da ya sa aka yi saurin mance alherinsa ba. Ɗan gaba yana iya yin minti tamanin da tara yana yawo kamar wanda ya zo cin kasuwa, a na casa'in ya zura ƙwallo guda, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai lamba goma yana da yanka da raba ƙwallo, abubuwan da ido ke so. Amma lamba huɗu aikinsa ya karanta inda ƙwallo za ta bi tun ba a buga ta ba, ya toshe hanyar, ya ƙwace, ya miƙa wa na kusa da shi, ya koma mazauninsa. In ɗan baya na gefe ya tafi kai hari, shi zai rufe ramin da aka bari. In abokan karawa suka taso da gudu, shi zai rage musu hanzari har 'yan'uwansa su komo. Ranar da ya yi aikinsa daidai, za ka tashi daga kallo ba ka tuna yana cikin fili ba. Misalinsa misalin zaren carbi ne, wanda mai lazimi zai shekara yana ja bai taɓa tunawa da shi ba, sai ranar da ya tsinke 'ya'yan suka watse a tabarma.

Duniya ta fara ganinsa a 2005, sa'ad da Samson Siasia ya tafi da shi ƙasar Holan gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara ashirin. Waɗanda suka kalli wasannin nan ba su mance ranar da Nijeriya ta fitar da masu masaukin baƙi ba, bayan an tashi ɗaya da ɗaya aka shiga bugun fenariti, aka yi ta bugawa kamar ba za a gama ba har aka tsaya a 10 da 9. Aka lallasa Maroko da ci 3 ba ko ɗaya. Kana ranar 2 ga Yuli a birnin Utrecht aka gamu da Ajantina, wani yaro ɗan shekara goma sha takwas mai suna Lionel Messi ya ci fenariti biyu, Chinedu Ogbuke ya rama guda da ka, aka tashi 2 da 1. Da aka zo rabon kyaututtuka, Messi ne gwarzon gasa, Mikel Obi na biyu, Taye Taiwo na uku. Kaita bai samu komai ba ban da azurfar da aka rataya wa kowa, alhali kuwa sakewar da Mikel ya samu yana tafiya gaba yana raba ƙwallo yadda ya ga dama, da yawanta ta samu ne domin akwai mai share masa baya. A nan akwai wani abin mamaki na ƙaddara da ba a cika lura da shi ba: da Mikel ya koma Chelsea a 2006, José Mourinho ya janye shi daga gaba ya mai da shi mai tsaron tsakiya, watau ya zaunar da shi a kan kujerar Kaita sosai; daga ranar nan abokin da Kaita yake yi wa hidima ya zama kishiyarsa a babbar ƙungiyar ƙasa, kuma kishiya mai wasa a Ingila, wadda kowane gidan kallo ke nunawa kowace Asabar.

Shi kuwa a Holan ɗin ya zauna, domin Sparta Rotterdam ta ɗauke shi a wannan shekara, tsohuwar ƙungiya da aka kafa tun 1888, mai daraja a tarihi amma ba mai ɗaukar kofuna a zamaninsa ba. Shekara uku ya yi a can, mu a nan ba mu ganin wasansa, domin babu mai gidan kallon da zai ƙona man janareto a kan Sparta. Sai a 2008 ya sake bayyana gare mu, Siasia ya kuma kiransa zuwa gasar Olamfik a ƙasar Sin, wannan karon babu Mikel, tsakiyar fili tana hannunsa shi da Ebenezer Ajilore. Aka yi canjaras da Holan, aka ci Japan, aka ci Amurka, aka fitar da Kwaddibuwa, aka yi wa Beljiyam 4 da 1. Wasan ƙarshe ranar Asabar 23 ga Agusta aka sa shi da tsakar rana a Bejin, wanda ya yi daidai da ƙarfe biyar na asuba a Kano, har na tuna a unguwarmu ta Tarauni an fito masallaci ana sauri, wasu ba su tsaya addu'a ba. Zafin da aka yi a filin ya kai alƙalin wasa ya tsayar da wasa sau biyu domin a sha ruwa. Ku dubi waɗanda ɗan Kano ya tsaya a gabansu ran nan: Riquelme, da Mascherano, da Gago, da Agüero, da Messi wanda ya riga ya zama abin tsoro a Barcelona. Ƙwallo ɗaya tak suka iya ci, wadda Di María ya ɗaga ta saman mai tsaron gida a minti na 58. Azurfa ta biyu ke nan cikin shekara uku, duka a hannun Ajantina, kuma 'yan wasan Nijeriya da za su iya nuna irin waɗannan lambobi biyu a ɗakinsu ba su da yawa.

A nan ne, a ganina, labarin ya karkata, shekara biyu kafin jan katin da kowa ya sani. Bayan Olamfik ƙungiyar Monaco mai wasa a gasar Faransa ta saye shi, muka yi murna muka ce yaro ya isa. Ashe sayen ba na zama ba ne. Ba a daɗe ba aka ba da shi aro ga Kuban Krasnodar a Rasha a 2009, daga nan aro ga Lokomotiv ta Mosko, daga nan aro ga Alania ta birnin Vladikavkaz, can cikin duwatsun Kaukasus, a 2010. To, masu sauraro, bari in ɗan tsaya a kan wannan kalma ta aro, domin Bahaushe ya san ta tun kafin Turawan ƙwallo su san ta, malaman fiƙihu kuma sun keɓe mata babi da suke kira ariya. A ƙa'idar ƙwallo, ƙungiyar da ta sayi ɗan wasa ita ke riƙe da takardarsa. In ba ta da gurbinsa, kuma ba ta son ta sayar da hasara, sai ta miƙa shi ga wata ta yi amfani da shi wata shida ko shekara, a sasanta yadda za a biya albashinsa, in wa'adi ya cika a maido shi. A kan takarda kowa ya ci riba. Amma duk wanda ya taɓa aron keke ya san ba a sake wa keken aro taya, ba a kuma kai shi wurin mai fenti; a hau shi ne iyakar hawa a mayar. Mai horarwar da ya san ɗan wasa ba nasa ba ne, ba zai gina tsarin wasansa a kansa ba, ba zai yi haƙuri da shi in ya yi rauni ko ƙafarsa ta yi sanyi ba. Uwar ƙungiyar kuma da ke can gaɓar teku ba ta ganinsa sai a cikin lissafin kuɗi. Wannan kuwa ya fi cutar da lamba huɗu bisa kowa, domin ɗan gaba yana iya sauka garin da bai san kowa ba ya ci ƙwallo ran da ya iso, amma mai tsaron tsakiya sai ya san halin 'yan bayansa, wane ne mai jinkirin juyawa, wane ne mai son tafiya gaba, kuma wannan sani ba ya samuwa sai da zama. Ga sanyin Rasha, ga harshen da ba ya ji, ga sabon koci kowane 'yan watanni. Kayan aro, in ji magabata, ba ya rufe katara.

A cikin wannan hali shekarar 2010 ta same shi. A watan Janairu yana cikin tawagar da Shu'aibu Amodu ya kai Angola gasar kofin Afirka, inda Gana ta tare mu a wasan kusa da na ƙarshe, muka ci Aljeriya muka zo na uku. Hukumar ƙwallo ta ga na uku bai ishe ta ba, ta sauke Amodu, mutumin da ya sama wa ƙasa gurbi a kofin duniya, ta ɗauko Lars Lagerbäck ɗan Suwidin saura wata uku da 'yan kwanaki a fara gasa, mutumin da sai an nuna masa 'yan wasan an gaya masa sunayensu. Ana dab da tafiya Mikel ya janye saboda rauni. Aka buga wasan farko da Ajantina a Johannesburg, aka ci mu ɗaya, da ba domin mai tsaron gidanmu Vincent Enyeama ba da abin ya fi haka muni. Saboda haka wasa na biyu, da Girka, ya zama na a mutu ko a yi rai.

Ranar Alhamis ce, 17 ga Yuni, cikin watan Rajab, damina ta fara sauka. Da yake wutar lantarki ba ta da alƙawari, ban yarda da akwatin gidana ba, na tafi wani gidan kallo a Gyadi-Gyadi, rumfar kwano ce mai bencina a jere, an rubuta wasannin ranar da alli a wani allo a bakin ƙofa, janareto na kuka a baya, fanka guda na juya iska mai zafi, daga cikin talabijin kuma ƙarar kakakin robar nan da ake kira vuvuzela na fitowa kamar an taɓa amyar zuma. Kusa da ni wani dattijo ne tela, tef ɗin awonsa na rataye a wuya, ya rufe shago ya zo. Ƙarfe uku aka take wasa a Bloemfontein. A minti na 16 Kalu Uche ya buga bugun tazara daga hagu, ƙwallo ta ratsa taron kawuna ba wanda ya taɓa ta, mai tsaron gidan Girka ya faɗi wani gefe ita ta shige wani gefe. Rumfa ta ɗauka, benci ya kife, wani ya rungume ni ban san shi ba. Girka kuwa, ku tuna, har ran nan ba ta taɓa cin ƙwallo ko ɗaya a gasar kofin duniya ba, balle ta ci wasa, kuma alamunta na waɗanda suka sallama ne.

Sai minti na 33. Ƙwallo ta fita ta gefe, babu haɗari, babu hari, wasa ma a tsaye yake. Kaita da Vasilis Torosidis suka yi 'yar tirka-tirka a kan layi, Bagirken na riƙe da ƙwallo ya ɗan tura ta wajen ƙirjin Kaita, shi kuwa sai ya ɗaga ƙafar dama ya kai masa tafin takalmi a cinya. Shurin bai kai na jaki ba, Torosidis kuma ya zube yana birgima fiye da abin da ya same shi, wannan duk mun gani. Amma dokar wasa ba ta auna nauyin shuri, ɗaga ƙafa da nufin duka ya isa, ko ƙwallo na cikin fili ko tana waje. Alƙalin wasa, Óscar Ruiz ɗan Kolombiya, ya zaro ja. Abin da ban mance ba shi ne shirun da ya sauka a rumfar nan, har kukan janareto ya fito sarai, muna kallon yaron ya ja rigarsa ya rufe kansa yana fita. Telan nan ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam, yaron nan ya ɗauki Dala ba gammo." Na ce, "Baba, sai addu'a." Kocin Girka, Otto Rehhagel, tsohon Bajamushe mai wayo, bai ɓata lokaci ba ya fitar da ɗan baya ya sa ɗan gaba, Samaras, kafin a tafi hutu Salpingidis ya buga wata ta goga a ƙafar ɗan wasanmu Lukman Haruna ta shige. A hutun nan aka kira La'asar, muka yi sahu a bakin titi, kuma ina kyautata zaton an yi rafkannuwa a sallar nan da yawa wadda ba a yi mata ƙabli ko ba'adi ba. Da aka dawo, a minti na 71, Enyeama ya yi aman wata ƙwallo, wanda ya tsinta ya zura kuwa ba kowa ba ne illa Torosidis ɗin nan dai.

Ba zan tsaya a nan in wanke Kaita ba, domin ba shi da wankuwa a wannan, shi da kansa ma ya fito ya nemi gafarar 'yan ƙasa. Malamai sun raba tsakanin kuskure da ganganci, kuma ɗaga ƙafa ga mutum ba ya shiga babin kuskure. Fushi ne ya rinjayi hankali na daƙiƙa guda, a gurbin da aka ajiye mutum musamman domin ya zama mai sanyin kai. Sai dai kowane laifi yana da haddinsa, wanda ya wuce haddi kuwa shi ma ya shiga zalunci. Haddin wannan laifi jan kati ne da zama a benci, an kuwa zartar. Abin da ya biyo baya wani abu ne dabam: kakakin tawagar ya shaida wa manema labarai cewa saƙonnin barazanar kisa da aka aiko wa yaron sun haura dubu, har aka sanar da hukuma, kuma ba wanda ya ɗauki wannan wasa, domin duniya ba ta mance Andrés Escobar na Kolombiya ba, wanda ya ci gidansu bisa kuskure a gasar 1994 aka harbe shi a Medellín bayan 'yan kwanaki. Ga kuma wani lissafi da masu fushi ba su tsaya yi ba. Jan katin bai fitar da Nijeriya daga gasa ba. Ranar 22 ga Yuni a Durban, Kaita na zaune a waje, da mun ci Koriya ta Kudu ko da ƙwallo ɗaya ce ta rata da mun wuce zagaye na biyu, tun da Ajantina ta doke Girka a daren. Muka fara ci, aka rama, aka wuce mu, Yakubu Aiyegbeni ya samu ƙwallo shi da raga ba kowa, taku kaɗan, ya buga ta waje, aka tashi 2 da 2. Hukumar da ta sauya koci ana gobe tafiya tana da nata kason. Har shugaban ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya fusata ya ce ya dakatar da ƙungiyar shekara biyu, sai da FIFA ta yi barazana ya janye. Laifi dai ya yi yawa a wannan tafiya, amma da aka zo rabo sai aka tattara mafi yawansa aka aza wa ɗan shekara ashirin da huɗu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda mutum yake komawa bayan irin wannan rana. A 1998 David Beckham ya yi kusan irin wannan aika-aika, ya shuri Diego Simeone na Ajantina yana kwance, aka kore shi, Ingila ta fita, aka yi mutum-mutuminsa aka rataye a Landan. Amma da ya sauka daga jirgi akwai gidan da ke jiransa: Manchester United ta rungume shi, Alex Ferguson ya tsaya masa, magoya bayan ƙungiyar suka mai da zagin da ake yi masa abin faɗansu, shekara na zagayowa ya ɗauki kofi uku, daga baya ya zama kyaftin ɗin ƙasarsa, a 2002 kuma ya ci Ajantinar nan da fenariti. Ba sai mun je Ingila ba ma. A nan gida, a watan Yuni na 2019, Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, ɗan tsakiya shi ma, ya fusata ya tunkari alƙalin wasa bayan karawar Pillars da Rangers a Agege, hukumar gasa ta yanke masa dakatarwar wasa 12. Laifi ne, an kuma hukunta. Amma mutumin da ya ɗauko wa garinsa kofin gasar ƙasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, yana da jama'ar da za su ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya dawo ya ci gaba da wasa har ya haura shekara arba'in ana yi masa tafi a Ƙofar Mata. Kirarin ƙungiyar ma ai "Sai Masu Gida" ne.

Kaita fa, ina ya koma? Ya koma Vladikavkaz, wurin waɗanda suka are shi, ƙungiyar da ita kanta ke fama da kanta har ta faɗi daga babbar gasar Rasha a ƙarshen wannan shekara. Babu filin da dubban mutane za su kira sunansa domin su huce masa zuciya, babu kocin da ya san shi tun yana yaro. Ƙaddara kuma, da yake tana da nata barkwanci, a farkon 2011 sai aron ya kai shi ƙasar Girka kanta, ƙungiyar Iraklis ta birnin Salonika. Daga nan Tavriya a yankin Kirimiya, daga nan Olympiakos ta Nikosiya a tsibirin Ƙubrus. Sa'ad da Stephen Keshi ya ɗauko kofin Afirka a 2013, a Afirka ta Kudun nan dai, Mikel ne da Ogenyi Onazi a tsakiya, Kaita yana da shekara ashirin da shida, shekarun da mai tsaron tsakiya yake fara nuna, amma ba a maganarsa. Ya dawo gida ya taɓa wasa a Enyimba ta Aba a 2014, kana ya sake fita, har tafiya ta kai shi Finlan, garin Oulu da garin Rovaniemi, can gefen ƙanƙarar arewacin duniya, inda a Rovaniemin ma rana ba ta faɗuwa a tsakiyar bazararsu, mai azumi sai ya nemi fatawa. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro a zamanin kakanninmu ba su yi rabin wannan nisa ba, su kuwa ayari guda suke tafiya, da madugu, da jagaba, da masaukin da aka san su a kowane zango.

Ina faɗin wannan ne ina sane da cewa a Hotoro da Tarauni da Unguwa Uku, a yammacin nan da nake magana, akwai ɗaruruwan samari da ba su da buri sai wani dillali ya zo ya ce ya sama musu ƙungiya a Turai, kowace iri ce, a kowace ƙasa ce. Kuma ba ni da bakin hana su, tun da albashin gasarmu ta gida kowa ya san yadda yake zuwa da yadda yake makara. Amma da uba zai zo mini da takardar kwantiragin ɗansa, bayan ya nuna mini adadin kuɗin, zan tambaye shi shekara nawa aka rubuta, kuma ƙungiyar tana nufin ta sa yaron a fili ne ko ta ajiye shi a matsayin haja.

Af, na kusa mance ƙarshen abin da na gani a filin nan na Hotoro. Da dariya ta lafa, wani mai ɗan tsawo da ya naɗa kansa alƙali ya ɗauko murfin wata jar roba daga ƙasa ya ɗaga sama, ya nuna wa mai shurin hanyar waje. Yaron bai yi musu ba. Ya taka a hankali ya je ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon ya saƙale a hammata ya nufi gida, sai ga su duka sun bi shi a guje, har da wanda aka shura, suna "Haba Yaya, dawo mana, ai wasa ne!" Ashe ƙwallon tasa ce. Aka soke jan kati nan take, aka ba shi jifar ma, suka ci gaba har aka kira Magariba.